Ruwan Bagaja Da Ikon Allah: Wanne Ke Koya Wa Yaro Neman Hujja?

Jama'a, musamman ku 'yan makaranta, akwai littattafai biyu da Malam Abubakar Imam ya sa hannu a cikinsu, waɗanda ba a cika ambatonsu a wuri guda ba, don ɗaya labari ne na ban dariya da a ke karantawa a gindin fitila, ɗaya kuwa littafin ilmi ne da a ke buɗewa a cikin aji. Na farko shi ne Ruwan Bagaja, wanda ya rubuta sabo da gasar ƙaga labari da Dokta R. M. East ya shirya daga Zariya cikin 1933, aka buga shi cikin 1934, sa'ad da Imam ya ke saurayi yana koyarwa a Katsina. Na biyu shi ne Ikon Allah, labarin halitta iri iri, wanda shi da East suka haɗu suka wallafa, ya fito cikin 1949. Yau muna so mu aza su bisa ma'auni guda, mu yi musu tambaya guda, watau in an gaya wa yaro magana, me ya kamata ya nema kafin ya yarda da ita? Kada ku ɗauka wannan gardamar malaman zaure ce kawai. A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kudu da Sakkwato, an yi shekarar da amsar tambayar nan ta raba tsakanin yaron da ya tashi da wanda aka kai makwanci, za mu kuwa zo kan wannan.

Bari mu fara da wanda kowa ya sani. Ɗan Sarki ya kwanta ciwo, magani ya gagara. Liman, wanda ya riƙi Alhaji Imam kamar ɗan cikinsa, ya ce a gaban fada da za a sami ruwan Bagaja da yaron ya warke. Aka mai da maganarsa ta banza, aka wulakanta shi. Alhaji ya shiga duniya don ya wanke tsohon daga wannan kunya, ya yi shekaru yana yawo, ya sha ɗauri, ya sha duka, ya yi ta kai ruwa rana da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, daga bisani da taimakon aljannu ya samo ruwan, ya komo gida, aka yi wa ɗan Sarki magani da shi, ya warke. To, in kun tuɓe wa labarin nan rigarsa ta ban dariya, ku dubi ƙasusuwansa, za ku ga abin da ya rage shi ne da'awa, da musu, da tafiya neman shaida, da gwaji. Liman ba shi da hujja sai abin da ya ji. Sarki kuma ba shi da hujjar ƙaryata shi sai fushi. Mutum ɗaya ne kaɗai a duk garin ya ce bari ya je ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Wannan ginshiƙi ne mai ƙarfi, shi ya riƙe littafin ya hana shi zama tarin almara barkatai, ko da ya ke sau da yawa marubucin kan shagala da rikicin Alhaji da Zurƙe har mai karatu ya manta akwai majinyaci kwance a gida.

Wurin da ya fi ko wane kyau a littafin, a ganinmu, shi ne inda Alhaji ya sauka wani gari na jahilai ya ce shi malami ne, aka karɓe shi hannu biyu biyu, yana ci yana sha da ilmin da ba shi da shi. Sai ga Malam Zurƙe, wanda ya ɗan taɓa karatu, ya zo zai tona masa asiri. Aka taru don a gwada su. Alhaji ya zana wani ɗan lanƙwasasshen zane a ƙasa, ya ce wa Zurƙe ya faɗi ko mene ne. Zurƙe ya duba da idon mai allo, ya kira sunan harafin Larabci. Alhaji ya ce ya faɗi, wannan tsayuwar wata ce. Mutanen gari suka leƙa, suka ga lalle haka jinjirin wata ya ke, ba su kuwa san harafi ba balle su ga kamarsa, sai suka yi wa Zurƙe ca, suka kore shi.

Kun yi dariya, mu ma mun yi. Amma ku tsaya ku duba abin da ya faru a filin nan, don darasi ne da ba ko wane littafin aji ke iya koyar da shi ba. Zanen ya yi kama da harafi, ya kuma yi kama da wata, duka amsoshin biyu sun dace da shi. Abin da ya sa Zurƙe ba shi da hanyar ci shi ne amsar tana cikin aljihun mai tambaya. Da ya ce wata ne, da Alhaji ya ce harafi ne. Tambayar da mai yinta ne kaɗai ke da ikon cewa an ci ko an faɗi, tarko ce aka haƙa, ko da an kira ta jarrabawa. Sa'an nan alƙalan da suka yanke hukunci ba su auna kome ba, sun zaɓi amsar da ta yi kama da abin da suka saba gani ne kurum. Ashe yawan masu cewa haka ne ba ya ƙara wa magana nauyin ƙwayar gero. Wannan duka Imam ya nuna shi cikin 'yan layuka, ba tare da ya hau mumbari ya yi mana wa'azi ba, nan kuwa gwanintarsa ta ke.

Inda mu ke da magana da shi shi ne ya sa mu dariya tare da macuci. Alhaji shi ne mai ba da labari, shi ne tauraro, harshensa ya fi na kowa zaƙi, sabo da haka yaro kan rufe shafin yana sha'awar wayon Alhaji, ba ya ko tuna cewa mai gaskiya a ranar shi aka jefa. A cikinku wa ya taɓa jin tausayin Zurƙe a wurin nan? Ba mu ce marubuci ya mai da labarinsa huɗuba ba, da ya yi haka da ba wanda zai karanta shi sau biyu. Amma malamin da ke karanta wa yara wannan wuri, in ya bar su da dariya kaɗai, ya ba su ɓawo ya zubar da ƙwaya.

Tun da maganar wata ta shigo, ku lura da yadda a ke yi da wata na gaskiya. Shari'a ba ta ce a tara jama'a a ji abin da ya fi yi musu daɗi ba. Ta ce a nemi wanda ya gani, a bincika adalcinsa, a tambaye shi inda ya tsaya da lokacin da ya gani, kāna a kai wa shugaba, shi ya sa har yau mutanen Tambuwal da na sauran garuruwa su ke sauraron sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi. Masu lissafin taurari kuma sun auna cewa daga haihuwar wata zuwa haihuwar wani kwana 29 ne da rabi da ɗan ɗoriya, suna iya faɗin daren da ba shi yiwuwa a gan shi don ya riga rana faɗuwa. Haka malaman hadisi suka yi da ko wace ruwaya, suka bi ta mutum mutum, wa ya ji daga wa, shin sun ma yi zamani ɗaya, mai riƙo ne ko mai mantuwa. Wanda ya ce neman hujja baƙon abu ne da ya zo cikin akwatin Bature, bai san gidansu ba.

Mu koma ƙarshen Ruwan Bagaja. An ba ɗan Sarki ruwa, ya warke, Liman ya fita kunya, labari ya ƙare lafiya. A tatsuniya wannan ya isa. A duniya kuwa bai isa ba, kuma nan ne da yawa daga cikinmu mu ke tuntuɓe. Majinyaci ɗaya ne, an ba shi abu ɗaya, ya tashi. Ina aka san ba lokacin tashinsa ne ya yi ba? Ko wane boka a kasuwa yana da labarin wanda ya sha garinsa ya warke, ba ya dai ba da labarin waɗanda suka sha aka binne. Ga yadda a ke gane magani na gaskiya. Cikin Disamba 2011 aka yi wa mutum wajen miliyan 1.8 sabuwar allurar rigakafin sanƙarau a larduna uku na ƙasar Cadi, wajajen Injamena, sauran lardunan kuwa ba a kai gare su ba tukuna. Da rani ya zo aka ƙidaya masu ciwon a nan da can. Aka tarar a inda aka yi allura ciwon ya yi ƙasa da kashi 94 cikin 100 in an gwada da inda ba a yi ba. Ƙasa ɗaya, rani ɗaya, ƙura ɗaya, bambancin allura ce. Wannan tambaya ce da amsarta ba ta cikin aljihun kowa, don da allurar banza ce da ƙidaya ta tona ta.

Yanzu sai Ikon Allah. Kafin a buɗe shi ma, sunansa kaɗai ya isa a yi sharhi a kai. Bahaushe yana faɗin kalmomin nan biyu a wuri biyu. In ya ga abin mamaki, kamar yadda gara ke gina shuri ko yadda ɗan tsako ke fasa ƙwai, sai ya riƙe baki ya ce ikon Allah, ya ƙara matsowa ya duba. In kuma yaro ya dame shi da tambaya, me ya sa kaza, me ya sa kaza, sai ya ce kai, ikon Allah ne, watau yi mini shiru. Lafazi ɗaya ne, amma na farko buɗe ido ya ke yi, na biyu kuwa rufe baki. East da Imam sun ɗauki na farko suka sa a bangon littafin da ke bayanin halittu, suna gaya wa uban yaro tun daga ƙofa cewa duban yadda abu ya ke aiki ba raina Mai yinsa ba ne. Ku tuna zamanin da littafin ya fito. A lokacin iyaye da yawa suna ɓoye 'ya'yansu kada a kai su makarantar boko, suna tsoron a can za a raba su da salla. Littafin da zai shiga irin wannan gida dole ya yi sallama da harshen da masu gida suka sani, wannan suna kuwa sallama ce mai kyau.

Waɗansu sun ɗauki sunan dabara ce kawai ta sa zuma a bakin ƙoƙon magani. Mu ba mu ga haka ba, don tunanin da ke cikinsa ya girmi East, ya girmi mulkin Turawa a ƙasar nan. Ku 'yan Tambuwal kuna zaune a garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya riƙe ribaɗi, ku tambayi abin da gidansu ya bari a rubuce. Baffansa Abdullahi na Gwandu ya wallafa Masalihul Insani, inda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki a littafi guda. Ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno cikin 1837, ya yi rubutu a kan ciwon ido, da basir, da amfanin filasko. Da Baturen nan Kilafatan ya zo Sakkwato cikin 1824 ya nuna masa kayan auna taurari, sai ya tarar Bello ya san buruji da taurari da dama da sunayensu na Larabci, har ya roƙa a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Da ya komo karo na biyu ya kawo masa littafin lissafi na Iƙlidisu da Larabci, Bello ya yi murna ƙwarai, don kofen da gidansu ke da shi gobara ta cinye. Shi wannan Bello kuma ya rubuta gargaɗi a kan masu rufa ido da masu duba da taurari. Ku lura da wannan rarrabewa, ya karɓi lissafin tafiyar tauraro, ya ƙi mai cewa tauraro ya gaya masa wadda za ka aura. Ku kuma 'yan makarantun mishan, kuna da irin wannan a naku tarihi, don Giregori Mendel, wanda ya gano ƙa'idar gadon kamanni ta wajen shuka wake yana ƙidaya, ya bayyana ta cikin 1865, limamin kirista ne mai zaman ibada.

To, amma littafi irin Ikon Allah yana da nasa haɗari, haɗarin kuwa daga kyansa ya ke fitowa. In bayani ya yi daɗi, Hausa ta zauna daram, yaro kan haddace shi kamar yadda ya ke haddace karatun allo, ya tashi ya zuba wa mai jarrabawa, a ba shi lamba. Ka tambaye shi ina aka san haka, sai ya ce littafi ya faɗa. To, me ya raba shi da mutanen garin da suka kori Zurƙe? Su sun ce Malam ya faɗa, shi ya ce Bature ya faɗa, alƙibla ce kawai ta sāke. Ilmin halitta ba tarin amsoshi ba ne da a ke gādo, hanya ce ta kama kuskure, har da kuskuren wanda ya koya maka. Sunan littafin ma, in ya faɗa hannun malalacin malami, yana iya juyewa ya koma ma'ana ta biyu, a karanta wa yara abin mamaki, su ce ikon Allah, a rufe, ba wanda ya fita bayan aji ya tona shuri ya duba. Laifin nan rabinsa na masu koyarwa ne, amma marubuci ma yana da kaso, don duk wanda ya ba yaro sakamako bai nuna masa turbar da aka bi aka kai gare shi ba, ya koya masa yarda ne kawai.

Ga inda maganar ta daina zama ta takarda. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 sanƙarau ya auka wa ƙasar Hausa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya ta ƙidaya fiye da mutum 14,000 da a ke zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu, yawancinsu yara, Zamfara da Sakkwato da Katsina su suka fi shan wuya. Kebbe tana cikin ƙananan hukumomin Sakkwato da aka fara jin mutuwa a cikinsu. Ma'aikatan lafiya na jihar suka yi ta kukan cewa waɗansu gidaje sun ɗauki ciwon maita ce, ba su kai yaro asibiti sai ya galabaita. Kada ku yi saurin yi musu dariya. Yaro ya kwana lafiya, da hantsi zazzaɓi ya rufe shi, wuya ya sanƙare, ya fara sambatu yana kiran sunayen mutane, kafin gobe ya tafi. Wanda bai taɓa ganin ƙwayar cuta ba, in ya ce kama shi aka yi, ya zaɓi amsar da ta yi kama da abin da ya sani ne, daidai da masu kallon zanen Alhaji.

Abin da bincike ya nuna kuwa ga shi. Cikin 1887 wani likita a birnin Biyana, Anton Weichselbaum, ya ga ƙwayar ciwon da madubin ƙara girma a cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar baya. Ruwan nan na mai lafiya garau ya ke kamar na rijiya, na mai sanƙarau kuwa ya kan gurɓace, ko wane likita yana iya ɗiba ya nuna wa uban yaro da idonsa. Ƙwayar tana zama a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya ba ta yi musu kome, tana bin tari da atishawa da numfashi a ɗakin da aka cunkushe. Cikin 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana iyakar ƙasashen da ciwon ke yi wa zuwan annoba, wani ɗamara da ya ratsa Afirka daga Senigal zuwa Habasha, mu kuwa muna tsakiyarsa. Ya kan taso sa'ad da hunturu ya busar da hanci da maƙogwaro, ya yi ƙarfi da zafin bazara, ruwan farko na sauka ya lafa. Ku tambayi masu cewa maita ce, wane irin maye ne ke jiran ƙura, ya kuma tsere wa damina ko wace shekara? Abin da ya sa na 2017 ya yi ɓarna shi ne ƙwayar iri iri ce. Allurar da aka fara yi a Nijeriya cikin 2011 ta irin da a ke kira A ce, ta kuwa karya shi, sai irin C ya taso, wanda waccan allura ba ta tare shi, tasa allurar kuma ta yi ƙaranci a duniya a lokacin. Cikin 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare iri biyar gaba ɗaya.

Cikin Afrilu 2017, ana tsakiyar binne yara, gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya ce annobar horo ce daga Allah sabo da zunuban mutane, ya ambaci zina. Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi na biyu, ya mai da masa martani a bainar jama'a cewa maganar ba daidai ba ce a addini, abin da ya kamata shi ne a nemo allura. Ku duba da kyau, dukansu Musulmi ne, ba wanda ya musanta ƙaddara a cikinsu. Gardamarsu ita ce ta ma'anoni biyun nan na ikon Allah. Tsohuwar gardama ce kuwa. Sa'ad da annobar Amwas ta faɗa wa Sham, wajen 639, Halifa Umaru ya kama hanya zuwa can, da ya ji labari sai ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ya ke yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ya ke gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya kawo misalin mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora su da ƙaddara ya kora, amma ba mai hankalin da zai zaɓi ƙeƙasasshen. Ko wane makiyayi a dajin Kebbe ya san wannan ba sai an fassara masa ba. Bayan annobar 1348 kuma, Ibnul Haɗib, wazirin Garnaɗa a Andalus, ya rubuta cewa yaɗuwar ciwo daga mutum zuwa mutum ta tabbata ta wajen gani da jarrabawa, ya kawo shaidar tufafin majinyaci, da jirgin ruwa da ke shigo da ciwo gari mai lafiya, da mutanen da suka keɓe kansu suka tsira.

Kada kuma ku fita daga nan da zaton duk mai farar riga abin yarda ne ido rufe. Cikin 1996, a babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a Kano, cikin gwajin da ya ƙunshi yara wajen 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, shi ya sa da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano cikin 2003 mutane da yawa suka tuna da wancan. Tsoron yana da asali, ko da ya ke hukuncin da aka gina a kansa ya jawo wa yara shanyewar ƙafa har a ƙasashen da ciwon ya riga ya bari. Abin da ya warware shi kuwa bincike ne, aka gwada maganin, aka koma yi cikin 2004, sarakuna da malamai suka shiga gaba, har cikin Agusta 2020 aka tabbatar ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka. Tambayar da za ku yi wa boka ita za ku yi wa likita, wa aka gwada, su nawa, da wa aka gwada su, wa ya ƙidaya. Bambancin shi ne likitan kirki yana da amsa a rubuce, ba ya kuwa fushi don an tambaya.

To, wanne ya ci a cikin littattafan biyu? Ikon Allah ya fi niyya mai kyau, ya fi amfani ga mai son sanin sunan abu da aikinsa da harshen uwarsa, ya kuma cire wa yaro tsoron cewa duban halitta zai ci imaninsa. Amma a kan tambayar da muka fara da ita, mu Ruwan Bagaja muka ba, ko da marubucinsa bai nufi haka ba, sabo da ya nuna wa yaro yadda a ke cin mutane da zane guda a ƙasa, wanda kuwa ya gane yadda aka yi dabarar, da wuya a sāke yi masa ita. Littafi na uku shi ne ba a rubuta ba tukuna da Hausa irin ta Imam, wanda zai ba da labarin yadda aka gano abu, da ɓatan kai da aka yi a hanya, da wanda ya yi musu, da gwajin da ya raba gardama. Mai son ya fara shi ba sai ya je ƙasar aljannu ba. Ya sami littafin rubutu, in an ba da hutu ya zauna da tsofaffin Kuci, ko na Dogon Daji, ko na Sanyinna, ya tambaye su shekarun da sanƙarau ya shigo garinsu, da watan da ya fara, da watan da ya ɗauke, da gidajen da ya fi taɓawa, da yawan masu kwana a ɗaki guda a gidajen nan, ya rubuta duka da sunan wanda ya gaya masa, sa'an nan ya kai wa ma'aikacin asibitin garinsu su gwada da abin da ke cikin nasu littafin.